Tulun Da Aka Liƙe Wa Murfi

Akwai wani dattijo a garinmu na Harrogate mai suna Desmond Ackroyd, tsohon likitan haƙori. Shekara arba'in ya yi yana tara zane-zanen zamani da tukwanen tangaram na maginan hannu. Idan ka miƙa masa tukunya, ko bai duba hatimin da ke gindinta ba, nauyinta a hannunsa kawai zai gaya masa wanda ya gina ta.

Matarsa Maureen ta rasu shekara shida da suka wuce. Ɗansu ɗaya, Clive, ya zo daga Landan ranar da aka ƙone gawar, ya sha shayi a tsaye, ya bi jirgin ƙasan yamma ya koma. Bai taɓa tambayar inda aka kai tokarta ba.

Bara Desmond ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta yi masa nauyi, aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Clive ya zo da mutanen gidan gwanjo, suna bin ɗaki-ɗaki suna manna wa kaya lamba.

Brenda, wadda ta yi shekara ashirin da biyu tana share gidan, ta tare shi a bakin matakala.

"Clive, akwai tulu ɗaya da ba za a taɓa ba. Shuɗin nan na kan kantar murhun falo, mai murfi..."

"Na gane," ya katse ta yana murmushi. "Baba ya ce ya bar miki, ko? Kowane gida da irin wannan labarin."

"Haba Clive. Ni da na yi maka wankin kayan makaranta?"

"An gode. Ajiye makullin a kan tebur."

Brenda ta ajiye makulli ta fita, ko rigar ruwanta ba ta tsaya ɗauka ba. Ta kira shi sau uku bai ɗaga ba. Sai ta rubuta wasiƙa ta aika masa. Da ya ga rubutunta a bayan ambulan, ya cusa a aljihun kwat ya manta. Ni dai har yau abin da ya fi ba ni takaici ke nan, domin buɗe ambulan ba ya cin minti ɗaya.

Clive ya je wajen uban kafin gwanjo. Tsohon ya riƙe masa hannu yana ta ƙoƙarin magana: "Shuɗin... shuɗin..."

"Kada ka damu, Baba. Sun ce shi zai fi tsada."

Ranar gwanjo zaure ya cika. Zane-zane suka tafi, tukwane suka tafi. Da aka zo kan shuɗin tulu, mai gwanjo ya ce an liƙe murfinsa da kakin zuma, wataƙila aikin maginin ne. Wata mata ta saye shi ta waya daga Scotland, mai gwanjo ya buga gudumarsa, ciniki ya faɗa.

Bayan sati biyu Clive ya sa hannu a aljihu yana neman tikitin jirgi, sai ya ciro wasiƙar. Layi uku ne kacal: "Mahaifiyarka ce a cikin shuɗin tulun. Babanka ya liƙe murfin da hannunsa. Yana so idan ya mutu a haɗa tokarsu a watsa a tekun Whitby, inda suka fara haɗuwa."

Ya zauna a bencin tasha har jirgin ya tashi ya bar shi.

Gidan gwanjo ba ya faɗin sunan mai saye, amma sun yarda su isar da saƙo. Matar mutuniyar kirki ce. Ta mayar da tulun, tare da takarda tana ba da haƙuri. Ta ce da ya iso ta kankare kakin, ta ga wani abu kamar yashi, ta ɗauka an zuba ne don kada tulun ya faɗi daga inda aka ajiye shi. Ta zubar, ta wanke shi tas.

Clive ya sayi kaki ya sake liƙe murfin da kyau. Ya ce a ransa tsoho mara lafiya ba zai gane ba. Ya kai tulun gidan tsofaffi, ya tarar da Brenda a gefen gado tana ba uban miya a cokali, kamar yadda take yi kowace Laraba. Ta dubi tulun, ta dube shi.

"Baba, ga shi na kawo maka."

Desmond ya miƙa hannunsa mai lafiya. Ya ɗaga tulun kaɗan daga kan bargo, ya sauke. Ya sake ɗagawa. Sannan ya dubi ɗansa, maganar ta fito sarai a karon farko cikin wata bakwai:

"Ba ta ciki."

Darasi: Kada ka yanke wa mutum magana don kana ganin ka fi shi. Wanda ka raina zai iya zama shi ne ya san abin da ba za ka taɓa iya mayarwa ba, kuma wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Ku tura wa duk wanda kuka san ba ya bari a kai aya.