Keken Rubutun Da Ya Daina Rawa

A wani gari an yi wani mutum mai buga wa jama'a takardu. Teburinsa yana gindin wata darbejiya daura da kotu, a kansa kuma akwai tsohon keken rubutu. Mahaifiyarsa, Tabita, makauniya ce. Kullum yakan riƙo sandarta, ya shimfiɗa mata tabarma a bayansa, tana ɓare gyaɗa tana sauraronsa. Abin da ta mallaka a duniya gona ce guda a bakin rafi, wadda mijinta ya bar mata. Daga gonar nan suke ci.

Keken nan yana da wani hali. In mutumin yana buga gaskiya, sai ka ji tas, tas, tas, kamar ruwa a kan kwano, ƙararrawar ƙarshen layi ta buga. Amma in aka kawo masa ƙarya, sai hannunsa ya ɗauki rawa. Keken kuwa ƙasansa ya saki, sai ya kama kaɗawa gaba ɗaya har tebur ya amsa.

Tsohuwa takan ɗaga kai ta ce, "Kai, me kake bugawa? Keken nan yana rawa."

"Tsufa ne, Mama. Ƙarafunsa sun saki."

"Ni ma ai na tsufa. Ba na rawa sai da dalili."

Abin ya ishe shi. Wata rana ya ɗauki keken ya kai wa Gambo mai walda. Ya sa aka ɗaura masa farantin ƙarfe mai kauri a ƙasa, aka ɗaure kowane noti tam. Ya cusa auduga a cikinsa har cikin ƙararrawar. Ya ɗiga wa kowane madanni mai, ya shimfiɗa robar tsohuwar taya, sa'an nan ya kafe keken a jikin tebur da ƙusoshi huɗu.

Gambo ya dube shi ya ce, "Malam, gyara muke yi ko jana'iza? Ka yi masa likkafani, ka kuma danne shi."

Mutumin ya yi dariya. Da ya taɓa madannan, sai ya ji sun yi taushi kamar ƙullun alkama. Babu kaɗawa, babu ƙara. Ya buga ƙarya ta fari, keken bai motsa ba. Ya buga ta biyu. Kafin damina ta wuce, hannun ma ya daina rawa. Idonsa ya koyi ɗaukar baƙaƙe ya miƙa wa yatsu ba tare da sun biya ta zuciya ba.

Ran nan da tsakar rana, ko ganye ba ya motsi, wani baƙo mai baƙin tabarau ya ajiye masa rubutun hannu ya ce a buga. Ya sa takarda biyu da takardar kabon ta yin kwafi a tsakani, yatsunsa suka shiga gudu. Yana cikin bugawa sai ya ji muryar mahaifiyarsa a bayansa, ba da shi take magana ba.

"Jama'a, ina ɗan nan ya tafi? Ya bar ni ni kaɗai."

"Ga ni nan, Mama. Aiki nake yi."

Ta miƙa hannu ta taɓa bayansa, ta taɓa gwiwar hannunsa tana motsi. Ta janye hannunta da sauri.

"Jikin na nan," in ji ta. "Amma ni ba na jin kowa."

Duk da haka ya ƙarasa bugun. Baƙon ya naɗe takardarsa ya shige kotu.

Mutumin ya zare kabon zai jefar, sai rana ta ratsa shi, baƙaƙen suka fito fari-fari. Ya ga suna: Tabita. Ya ɗauki kwafin da ya rage, ya karanta abin da yatsunsa suka buga. Takarda ce mai cewa Tabita, da hankalinta, ta ba da gonarta ta bakin rafi kyauta ga wani dangin mijinta, har ta dangwala yatsa.

Ya dubi hannuwansa, yana so su yi rawa. Suna kwance a kan madannai shiru, kamar na wani. Ya kama keken ya girgiza da ƙarfinsa duka. Ko gezau.

Sai ya durƙusa ya ɓamɓare ƙusoshin, farcensa yana jini. Ya kwance farantin, ya zaƙulo audugar, ta yi baƙi ƙirin. Ya sa sabuwar takarda, ya fara buga wa alƙali gaskiya game da wannan takardar ƙarya, da duk waɗanda suka riga ta. Ya san daga ranar ba zai ƙara zama a gindin darbejiyar ba. Da ya zo lissafa ƙaryayyakinsa, keken ya kama kaɗawa, ƙararrawa ta buga.

Tsohuwa ta ajiye gyaɗarta. "Yauwa," ta ce. "Sannu da dawowa."

An kore shi daga bakin kotu. Gonar kuwa tana hannun Tabita har ta rasu.

To, 'ya'yana, ga ma'anar wannan misali. Keken nan lamirinmu ne. Rawar da yake yi in mun nufi mugunta ba lalacewa ba ce, jinƙan Ubangiji ne. Audugar ita ce 'yan dalilan da muke cusawa: kowa ma yana yi, sau ɗaya ne, ba wanda ya gani. Farantin ƙarfen kuwa shi ne sabawa da laifi. Tsohuwar ita ce duk wanda Allah ya zaunar kusa da kai don ya tambaye ka, ko da tambayar tana ba ka haushi. Zuciyar da ta taurare ba ta tsayawa ta duba wa za ta cuta, har ta kai kan uwar da ta haife ta.

In yau ka yi abin da dā yake sa hannunka rawa, ka ga bai yi ba, kada ka ce ka girma. Ka durƙusa tun da rana, ka roƙi Yesu ya cire ƙusoshin.