Lungun da Makara Ta Kasa Wucewa

Jama'a, kwana biyar ke nan abinci ba ya shiga mini. Ɗana Imurana ya sauke bulo a ƙofar gida, wai zai fitar da shago cikin lungu. Ga abin da nake tunawa.

Akwai wata mai koko a unguwar Nima, sunanta Amama, a shekarun da ake layin burodi. Gidaje bakwai ne ke fita titi ta lungu ɗaya, gota, wato kwata, na bin tsakiyarsa.

Sai maƙwabcinta Alhaji Mas'udu, mai motocin haya a tashar Tudu, ya haƙa harsashin ɗaki, ya ci rabin lungun har bakin gota. Ma'aikatan hukuma suka zo suka shafa jan fenti, alamar a dakata. Ya ja su gefe. Washegari fenti ya ɓace.

Kowa ya yi gum, ban da Amama. Ta je ta roƙi ladan, ta auna faɗin makara da mayafinta, ta ƙulle wurin. Ta dawo ta shimfiɗa shi a lungun. Ƙullin ya hau kan bulo.

"Alhaji, duba. Ta ina za a fitar da ni ran da na mutu?"

"Maame mai koko, mutu tukuna mana! Kin fi injiniya ne?"

"Ban yi boko ba, amma na san faɗin gawa."

Ta dasa tukunyar kokonta a kan harsashin. Kwana tara magina na ɗauke tukunya, tana mayarwa. Mutane suka ce ta taɓu. Aka gama ɗaki, ruwan sama ya rasa hanya ya koma ɗakinta. Ta riƙa kwashewa da kwano, amma ƙullin nan ba ta kwance ba.

Shekara ta zagayo, mahaifiyar Alhaji ta rasu a gidansu na ƙuryar lungu. Aka ɗauko makara, tana isowa sabon ɗakin ta cije. Aka karkata, aka ja baya, ina! Wani ya ce a ɗaga ta saman rufi.

Alhaji ya fashe da kuka. "Uwata? Ta kan kwano, kamar buhun gawayi?"

Amama ta ratso maza riƙe da taɓarya.

"Ban zo dariya ba, Alhaji. Shekara ashirin Hajiya na shan kokona. Karɓi, rana na yi."

Shi ya fara kai wa bangonsa duka.

Darasi: Hanyar jama'a ba gadon kowa ba ce. Wanda ya toshe ta, ta nan za a ɗauke shi. Ku isar wa duk mai bulo a ƙofar gida.

Ni dai shiru ba zan yi ba, ko da ɗana ne. Mayafina na hannu. In je wurin ladan in auno, ko in zauna kan bulon har ya kwashe? Ku faɗa mini, kafin magini ya iso ranar Asabar.