Kocin da Ya Ci Gasa da Jifa

Akwai wani mutum a garin Dedza mai suna Limbani, kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan dakon kasuwar dankali. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tafi ci-rani Afirka ta Kudu, ɗakinsa shiru kamar an yi gwanjon kayan ciki.

Ranar Asabar kaɗai yake jin shi ma mutum ne. A buga wasa, a yi ihu, sannan shi da abokinsa Mphatso, kocin 'yan tasha, su zauna wurin mai suyar dankali suna tsiya har sanyi ya tashe su.

Sai dai ƙungiyarsa ba ta cin kowa, abin kuma yana cin ransa.

Rannan ya gano wata kafa: a dokar ƙwallo, babu satar gida idan jifa aka yi daga gefen fili. Ga shi yana da Chikondi, wani ƙato da ya saba cilla buhu saman mota. Jifansa ɗaya sai bakin raga.

Sai Limbani ya ce kowa ya daina yanka da fasin. A daki ƙwallo a ƙafar abokin karawa ta fita waje, 'yan wasansa su dunguma su cika gaban gola kamar masu layin takin gwamnati, Chikondi ya cillo, wani ya sa kai.

Suka fara cin mutane. Wasa mara daɗi, wallahi, amma ci ne.

Kociyoyi suka kai ƙara kwamitin gasa. Aka zauna a wani aji na firamare.

Mphatso ya ce, "Limbani, tsakani da Allah wannan ba ƙwallo ba ce, lodin mota ne."

"Nuna min inda doka ta hana."

"To ai doka ba ta hana ka cin tuwo da ƙafa ba. Me ya sa ba ka yi?"

Aji ya ɗauki dariya. Tsohon alƙalin wasa, Baba Kamwendo, ya ɗaga hannu. "Gaskiya ba a hana ba. Amma ɗana, an bar jifa haka ne don wasa ya ci gaba, ba don jifa ya zama shi ne wasan ba."

Da Limbani ya yi shiru a nan, da shi ke nan. Ina! Ya juya ga Mphatso a gaban kowa. "Kai da ko dokar ba ka iya karantawa, wa ya ba ka koci? Koma tasha ka ci gaba da kiran fasinja."

Mphatso ya ɗauki hularsa ya fita.

Kwamiti ya ba Limbani gaskiya. Asabar ɗin nan ya je wurin mai suya, ya sayi na mutum biyu, ya zauna jiran Mphatso. Dankalin ya huce a gabansa.

'Yan kallo suka fara raguwa. Kyaftin ɗinsa ya same shi ya ce, "Koci, duk sati ina ɗaukar kaya. Ranar Asabar ƙwallo nake so in taɓa da ƙafa."

"Kana son ci ko kana son rawa?" in ji Limbani.

Haka aka kai wasan ƙarshe, su da 'yan tasha. Limbani ya sa sabuwar riga, ya zo da wuri. 'Yan tasha ba su zo ba. 'Yan kallo ma babu. Baba Kamwendo ya jira, ya busa usur, ya ce 'yan dako sun ci gasa. Aka miƙa wa Limbani igiyar akuyar da aka sa kyauta.

Sai ga ihu daga filin bayan makaranta. Can 'yan tasha suka kafa wasansu, can duk garin ya tafi. 'Yan wasansa suka kalli juna, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, har Chikondi.

Limbani ya ɗaga murya, "Ku tsaya mana, a yanka, a ci tare!"

Kyaftin ya waiwayo. "Ci abarka, Koci. Ai doka ta ba ka."

Ya ja akuyarsa ya bi hanyar gida. Duk ihun da aka yi a filin can, sai ya tsaya ya saurara, ya rasa wa ya ci.

Darasi: Ba duk abin da doka ta yi shiru a kai ne ya dace ba. Kana iya cin gardama ka rasa mutanen da ka yi ta dominsu, musamman idan ka haɗa da wulaƙanci. Ku tura wa mai bakin nan da kuka sani, tun yana da abokin zama.