Makon da Alhaji Inuwa Ya Bari

Ku gyara zama, yau babu gizo babu ƙoƙi. Labarin 'yan'uwa uku ne, kuma in ya ƙare hukunci yana hannunku.

Alhaji Inuwa ɗan kasuwar yadi ne a Kano, ya shekara ashirin yana fita waje saro kaya. A wata tafiya wani mai daɗin baki ya tare shi a otal, ya sayar masa da abin da ba a taɓa jin irinsa a gidansu ba: mako ɗaya duk shekara a wani gidan hutu da ke kan dutse mai ƙanƙara. Ba gidan ya saya ba, ba ɗakin ba, makon kawai. Wanda bai je ba, kamfanin yakan mayar masa da makonsa maki ya ajiye. Makin kuwa ana iya musanya su da masauki a wani gari, amma in sun kai shekara uku ba a taɓa su ba sai su ƙone. Alhaji mutum ne da ko iskar fanka ba ya so, don haka bai taɓa taka dutsen ba. Kunyar a ce an yi masa wayo ta hana shi gaya wa kowa.

Yana da jika mai suna Mufida, 'yar Sa'adiyya autarsa, shekarar yarinyar tara. Tana da ciwon ido wanda likitoci suka ce ba ya warkewa. Ganinta yana tsukewa daga gefe kamar ana tura ƙyauren taga a hankali. Wata rana ta ga wani katafaren wurin wasa na ƙasar waje a talabijin, mai lilon da ya fi rimi tsawo, da jirgin ƙasa mai hawa da gangara. Kakan ya ce, "Amaryata, ni zan kai ki, ki gani da idonki." Ta ce, "Tsoho, kai da kake tsoron babur?" Bayan wata huɗu ya rasu.

Likita ya ce baɗi war haka inuwar abu kawai za ta riƙa gani. Dangi suka haɗa kuɗin jirgin mutum uku, ita da iyayenta. Amma kwana bakwai a masauki kusa da wurin wasan ya fi kuɗin jirgin tsada. Sa'adiyya ta daina zancen, yarinyar kuma ta daina tambaya.

Ta farko cikin 'yan'uwan nan uku ita ce Baraka, babbar 'yar Alhaji, tsohuwar malamar firamare wadda ba ta yar da takarda sai ta karanta. Bayan sadakar arba'in mazan gidan suka share ɗakin mahaifinsu, suka cika buhu da takardu za su ba mai ƙosai. Baraka ta riƙe bakin buhun. Wani ƙanenta ya ce, "Yaya, ki bar baiwar Allah ta samu na naɗi mana." Ta ce, "In ta naɗe ƙosai da takardar gidanku, ku je ku karɓo a wurinta." Kwana tara ta yi tana bin takardun ɗaya bayan ɗaya, ga tabarau ga ƙamus. A ƙasan buhun ta tarar da yarjejeniyar makon nan mai shafi talatin. Ta karanta har ƙananan rubutun da ba a yi don a karanta ba, ta gane cewa makin shekara uku suna nan, kuma saura mako bakwai su fara ƙonewa.

Na biyu shi ne Nafi'u, babban ɗa namiji. Kamfanin ya ce ba zai saki makin ba sai duk magada sun sa hannu. Aka kira malamin da ya raba gadon. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce duk abin da ake iya sayarwa dukiya ce, ko ido ba ya ganinsa. Ya raba yadda shari'a ta ce, namiji kashi biyu mace ɗaya. Da aka gama, rabon kowa bai kai kwana guda ba. Nafi'u ya bi magada goma sha ɗaya gida gida yana roƙon su yafe wa yarinyar. Goma suka yafe nan take. Saura Shitu, ƙanensu da ya koma Potiskum cikin fushi tun da aka hana shi riƙon shagon mahaifinsu. Nafi'u ya je sau biyu, Shitu ya sa aka ce ba ya nan. A na uku ya same shi a bakin rumfarsa tsakiyar kasuwa, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban ƙanen da ya ba shekara goma sha biyu.

Shitu ya ce, "Yaya, tashi don girman Allah, mutane suna kallo."

Nafi'u ya ce, "Bar su su kalla, su suna da lokaci. Ga biro."

Shitu ya sa hannu, ya kuma biya masa kuɗin mota.

Na uku shi ne Sagiru, mai sayar da wayoyi, wanda rabin cinikinsa musaya ce: kawo tsohuwa, ka yi ciko, ka ɗauki sabuwa. Lokacin da makin suka zo hannu saura kwana goma sha takwas, kamfanin kuma ya ce duk ɗakunan da ke kusa da wurin wasan an kama su tun bara. Sagiru ya rufe shago, ya shiga zaurukan intanet inda masu irin wannan mako suke musaya a tsakaninsu. Ya tsallake 'yan damfara biyu da suka ce a tura makin tukuna. Daga nan ya samu wani dattijo mai mako a jikin katangar wurin wasan, wanda ihun yara ya ishe shi, matarsa kuma tana marmarin dutsen ƙanƙara. Dattijon ya ce sai an yi masa cikon kuɗi, dangin kuwa ba su da ko sisi a kan na jirgi. Sagiru ya yi masa godiya, ya yi shiru har kwana shida. Baraka ta kira shi tana faɗa. Ya ce, "Yaya, wanda ya nuna yunwa a kasuwa tuwon jiya ake sayar masa. Matarsa ta riga ta ga hoton dutsen, ita za ta ƙarasa mana cinikin." A kwana na bakwai dattijon ya rubuto ya ce ya yarda ba ciko. Aka tabbatar da musayar ta hannun kamfanin saura kwana biyu makin su ƙone.

Da takardar ɗakin ta iso, Sa'adiyya ta yi sujada a tsakar gida. Mufida ta kai takardar dab da hancinta, ta karanta sunanta da kanta, harafi harafi. Ranar an dafa shinkafa da kaji ba biki ba suna.

Biza ta fito, amma sai mahaifin Mufida ya faɗi a babur ya karye a ƙafa, aka ɗaure shi. Ɗakin na mutum uku ne, kujerun jirgi ma uku. Ya ce a ba da gurbinsa ga wanda ya fi wahala a kan 'yarsa. Baraka ta ce ba don ita ba da tuni an ci ƙosai a kan makin. Nafi'u ya ce takarda ba ta da amfani in hannu ɗaya ya ƙi sauka a kanta. Sagiru ya ce in ba don shi ba, sai dai su kai yarinyar kan dutse ta kalli ƙanƙara. Sa'adiyya ta ce ita auta ce, ba ta da bakin zaɓe tsakanin yayyenta.

To, jama'a, kujera ɗaya ce ta rage: tsakanin mai karatu, da mai durƙuso, da mai ciniki, wa ya fi cancanta ya riƙe hannun Mufida su hau lilon nan?