Takardu Biyu Masu Launi Ɗaya

Akwai wani dattijo a wani ƙauye na lardin Prey Veng, sunansa Kimsan. Shekara arba'in yana sayar da busasshen kifi a kasuwa, kuma abin da ya fi alfahari da shi shi ne bai taɓa yin kuskuren canji ba. Idonsa ya yi rauni tuntuni, amma ya ƙi tabarau. Da launi yake gane kuɗi. Ko daga nesa ka ɗaga masa takardar riyel, kuɗin ƙasarsu, zai faɗa maka ta nawa ce.

Mutum ne mai kirki, amma ba a gyara masa magana. Irin mutanen nan ne da ko hanya suka ɓata sai su ce hanyar ce ta canza wuri.

Matarsa Chantha ta yi wata takwas tana fama da ƙari a ciki. Da magani ya ƙi ci, sai suka yi abin da mutanen yankin suka saba yi: suka sayar da shanunsu biyu, suka hau motar safa suka ƙetare iyaka zuwa birnin Saigon, su uku da 'yarsu Kolap.

Likita ya duba ta ya ce za a yi aiki ranar Alhamis, amma sai an ajiye dong miliyan talatin, kuɗin ƙasar ke nan, kafin ƙarfe goma na safiyar ranar. In ba haka ba, a ba wani gadon, don masu jira suna da yawa.

Suka je shagon wata mai sayar da zinare suka canza dalolin da suka samu na shanun. Matar ba ta cuce su ko sisi ba. Ta ba su miliyan talatin da biyu da 'yan kai. Ta ɗaure manyan takardu na dubu ɗari biyar da roba daban, ƙanana na dubu ashirin daban. Sannan ta ɗaga ɗaya daga kowane ɗauri, ta jera su a gaban idon Kimsan tana girgiza yatsa. Duka biyun shuɗaye ne.

Kolap ta ce, "Baba, cewa take yi a yi hankali, suna kama da juna. Kawo manyan in riƙe, kai ka riƙe ƙananan."

Ya harare ta. "Ke da ko hancinki ba ki iya sharewa ba lokacin da nake ƙirga kuɗin kifi kwale-kwale guda? Je ki kula da uwarki, ki bar mini abin da na sani."

"Baba, ba kuɗinmu na gida ba ne."

"Kuɗi dai kuɗi ne, yarinya."

Suna fita ya cire robobin, don ya ce suna tokare masa ƙugu. Ya haɗa shuɗi da shuɗi ya cusa cikin jakar da ke ɗaure a cikinsa.

Kwana uku Kolap tana gefen gadon uwarta, shi kuwa shi ne mai aike. Ya sayo tabarma, ya sayo ruwa, ya hau babur zuwa kantin magani ya dawo. Duk abin da aka nuna masa da yatsu, sai ya zaro shuɗiya ya miƙa, ya yi gaba yana ɗaga hannu wai a riƙe canji. Ba ya son a gane baƙauye ne. Wasu suka kalli takardar, suka kalle shi, suka sa aljihu suka yi shiru. Su kam kakarsu ta yanke saƙa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi shiru ba, wata mai sayar da miyar taliya a bakin ƙofar asibitin. Kullum ya biya sai ta biyo shi da gudu, tana kaɗa takardar tana magana da yarensu.

Shi kuwa ya ɗauka ƙarin kuɗi take nema. Ya juyo yana faɗa da nasa yaren: "Kwano ɗaya na ruwan zafi da ganye! Me kuma kike so, rigata? Ku mutanen birni ba ku ƙoshi!"

Sau uku ana haka. Har ya zo yana ba Chantha labari yana dariya, wai ya yi maganin wata mai haɗama.

Safiyar Alhamis mai taliyar ta bar tukunyarta a kan wuta, ta samo wani direban safa mai jin yaren ɓangarorin biyu, suka shigo har ɗakin marasa lafiya. Ta miƙa wa Kolap takardu uku a naɗe cikin leda.

Direban ya ce, "Ta ce tsohon nan kullum dubu ɗari biyar yake ba ta a kan kwanon dubu ashirin. Ta ce don girman iyayenku ku duba jakarsa, don ba ita kaɗai yake saye a wurinta ba."

Kolap ba ta nemi izini ba. Ta kwance jakar daga ƙugun ubanta ta zazzage a kan tabarma. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Ƙananan takardu suna nan kusan cif. Manyan ne suka tafi. Ko da aka haɗa da ukun da aka dawo da su, saura miliyan huɗu kuɗin aiki ya cika.

"Baba," ta ce, "na roƙe ka. A gaban mai zinaren nan na roƙe ka."

Kimsan ya durƙusa a kan tabarmar. Ya ɗauki takardu biyu ya kawo su dab da idonsa. A ranar ya fara ganin sifilan da ke jiki.

Suka buga wa dangi waya. Mai taliya ta zaga wajen masu jinya aka ɗan tattara abin da ya samu, amma talaka ne ke taimakon talaka, bai kai ko'ina ba. Ƙarfe goma ta yi, aka ba wani gadon. Kuɗin da ƙanin Chantha ya turo bai iso ba sai Asabar. Aka rubuta musu sabuwar rana, bayan mako shida. Zaman birni kuwa zai cinye abin da ya rage, dole suka kama hanyar gida.

A cikin mota Kolap ta juya fuskarta ga taga, ko kallon ubanta ba ta yi. Chantha ce ta lalubo hannunsa ta riƙe.

Ta ce a hankali, "Baban Kolap, in mun isa, ka bar ni in yi magana. Zan ce likita ne ya ɗaga ranar. Kada 'yan kasuwa su samu abin yi maka dariya da tsufanka."

Allah sarki. Matar da ya jawo wa wannan, ita ce ke tunanin mutuncinsa.

Haka kuwa ta faɗa wa kowa. Mako huɗu bayan dawowarsu ciwon ya taso mata, ta rasu kafin a samo mota.

Ranar da aka kai gawarta gidan ibada, maƙwabta suka zauna suna ta tsine wa likitocin ƙetare marasa tausayi, masu mayar da mara lafiya gida. Kimsan ya saurara har ya kasa. Ya miƙe da ƙyar, hawaye na bin kumatunsa.

"Ku daina zagin mutanen da ba su yi mana komai ba," ya ce. "Ƙarya matata ta yi muku don ta rufa mini asiri. An gaya mini har sau biyu, na ƙi ji. Ni na hana ta gadon nan."

Ba wanda ya yi masa dariya. Ba wanda kuma ya iya ce masa ba laifinsa ba ne.

Darasi: Gwanintarka ta gida ba ta bin ka ƙetare iyaka. In ka shiga ƙasar da ba taka ba, ka zauna ka koyi kuɗinsu takarda bayan takarda, ka ware manya daga ƙanana, kuma ka saurari mai yi maka gyara ko da ɗan cikinka ne. Matambayi ba ya ɓata, girman kai kuwa wani lokacin ba mai shi kaɗai yake ci ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin tafiya, musamman masu raka mara lafiya.