Tunau Maharbi da Kafuwar Unguwar Kunawa

Tsofaffin da suka ji daga bakin kakanninsu sun ce, a zamanin da ganuwar Birnin Kwarau take da ƙofa huɗu kacal, giwaye kuma suna shan ruwa a inda babbar tashar mota take a yau, an yi wani maharbi a wani ƙauye arewa da birnin, sunansa Tunau. Dogo ne, baƙi, mai ƙarancin magana. Maroƙa suna yi masa kirari da cewa, "Tunau na gaban masu bin sawu, kibiya ɗaya nama biyu, daji ya san ka, gida ya san ka." An ce tsuntsu bai taɓa tashi saboda takunsa ba.

Wata shekara da bazara ya shiga daji, ya yi kwana arba'in. Da ya dawo, tun daga nesa ya lura babu hayaƙi a kan ƙauyen, babu sautin daka. Ashe agana ce ta shiga bayan tafiyarsa. Masu ƙarfin gudu sun gudu, sauran suna kwance inda ta same su. Ya ajiye naman da ya ɗauko a ƙofar gida, ya ɗauki fartanya, ya haƙa rami biyar a gindin kanya, ya binne matarsa da 'ya'yansa huɗu. Bai yi kuka ba. Yana aikin ne kamar mai yi wa wani ƙwadago, har ya tsaya yana gyara bakin ramin autar, don ya ga ya ɗan karkace.

Rai ɗaya ya samu a ƙauyen: surukarsa Tarana, tsohuwar ungozoma, tana zaune a inuwar rumbu. Cutar ta bar ta da rai, amma ta tafi da idanunta, ta cika mata fuska da zanzana. Shekara goma sha biyu ke nan Tunau bai taɓa zama inuwa ɗaya da ita ba, saboda kunyar surukuta. Ran nan ya durƙusa a gabanta, ya juya mata baya.

"Inna, hau."

"Ina za mu, ɗan nan?"

"Inda akwai rufi. Damina ta kusa."

Kwana tara yana tafe da ita a goye kafin su hango ganuwar Kwarau. A hanya Tarana ta ce masa, "Idan ka je neman wurin zama, kada ka fara da tambayar ɗaki. Tambayi wanda ya fara sare itace a wurin. Mutanen da suka tuna kakansu baƙo ne, ba sa korar baƙo."

Suka fara da unguwar marina. Mai unguwar, wani dattijo mai suna Dambo, wanda hannuwansa suka rine har gwiwa, ya ji daɗin tambayar ƙwarai. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya ba da labarin yadda kakansu ya gudo wa yunwa daga gabas, da irin baba, ganyen rini, ƙunshe a bakin riga, da yadda ya haƙa karofi, wato ramin rini, na farko da hannunsa, mutanen gari suna yi masa dariya. Da ya gama, ya kai Tunau bayan zaure ya nuna masa ɗaki: soro ne mai azara lafiyayye, daɓensa sumul, ƙofarsa tana duban gabas. Tunau ya taɓa bango, ya ce ya yi. Suna fitowa iska ta ɗage mayafin Tarana. Dambo ya ja da baya taku uku.

"Daga wane gari kuka ce kun fito?"

Tunau ya faɗa masa, bai ɓoye komai ba.

"Af, tsufa! Na manta, ɗakin nan an riga an yi wa ɗan ƙanena alkawarinsa."

A unguwar maƙera ba a bari sun gama sallama ba, domin labarinsu ya riga su zuwa. Kwana goma sha ɗaya suka yi suna zaga birnin, lungu-lungu, suna fakewa a rumfunan kasuwa. Mahauta sun gaya masa kakansu bawa ne da ya tsere da sarƙa a ƙafa. Masaƙa sun nuna masa kukar da kakarsu ta haihu a gindinta ranar da ta iso. A zangon fatake an ba su fura a kan tsinin sanda, daga nesa. Ko'ina akwai ɗaki, ko'ina kuma akwai dalili. Tunau yana sauraron tarihin kowace unguwa kamar mai jin daka a gidan maƙwabta. Ba ya fushi, ba ya roƙo. In an ce babu, sai ya durƙusa, tsohuwa ta hau.

A rana ta goma sha ɗaya hadari ya haɗu a gabas, ya watse. Tarana, wadda tari ya fara kamawa, ta ce, "Na yi kuskure, ɗan nan. Sun riƙe labarin, sun manta yunwar."

Ya ce, "To."

Wata mai sayar da itace a ƙofar yamma ce ta gaya musu akwai kurmi a bayan ganuwa wanda ba shi da mai shi. Wani baƙin ɓauna ne ya gagara a ciki. Ya kashe mutum tara, biyu daga cikinsu maharba ne. An ce ƙudan zuma sun yi saƙa tsakanin ƙahoninsa, kibiya kuma tana faɗuwa daga jikinsa kamar tsinken tsintsiya. An ce ba da ido yake farauta ba: bugun zuciyar matsoraci yake ji tun daga nesa, ya bi shi har inda yake.

"Babu mai hana ka wurin," in ji matar, "sai shi."

Da hantsi Tunau ya zaunar da Tarana a gindin ganuwa, ya rataya kwari, ya ɗauki lauje. Bai bi sawu ba, bai duba iska ba. Ciyawar jinka ya shiga yanka. Yana cikin yanka ƙasa ta fara rawa. Ɓaunan ya keto kurmi a guje, itatuwa suna karyewa a gabansa, har ya zo kamu ɗaya da maharbin, sai ya tsaya cak. Ya kasa kunne. Ya sunsuni ƙirjin mutumin. Ya zaga ta hagu, ya dawo ta dama, yana neman abin da ya saba ji, bai samu ba. Tunau yana dubansa kamar yadda ake duban bango. Sannan ya ajiye lauje, ya ɗana kibiya ba gaggawa, ya sake ta cikin taushin bayan kunne. Ɓaunan ya gurfana, bai sake tashi ba. Inda gwiwoyinsa suka nutse, ruwa ya ɓuɓɓugo fari tas.

Mutanen birni suka hau ganuwa, makaɗa suna kiɗa, maroƙa suna cewa, "Tunau gagara ɓauna, dutse ba ka jin ƙaho!" Bai waiwaya ba. Ya ɗauki laujensa ya ci gaba da yanka.

Kwana bakwai ya yi yana ginin bukka. Ya kafa itace, ya yaɓe da laka, ya ɗora jinka. A rana ta takwas da la'asar ruwan farko ya sauko. Tarana tana kwance a ciki, ta miƙa tafin hannunta sama, ta daɗe tana jira.

"Ba ya yoyo," ta ce.

"Ba ya yoyo, Inna."

Bayan kwana uku ta rasu. Ya binne ta kusa da ruwan. Da gari ya waye ya zauna a ƙofar bukkar yana kallon hannuwansa, bai san abin da zai ba su ba. Sai ya tashi ya yanko ciyawa, ya gina bukka ta biyu. Da ya gama ya gina ta uku. Kafin tsakiyar damina akwai bukka biyar a kurmin, huɗu babu kowa a ciki. Mutanen birni suka ce ɓauna ya tafi da hankalinsa.

Wanda ya fara zuwa wani kuturu ne da matarsa. Ya tsaya nesa, ya fara bayanin kansa da inda aka kore shi. Tunau yana murza igiya, bai ɗago ba.

"Ku nawa ne?"

"Mu biyu."

Ya nuna masa ƙaramar bukka da haɓa. Bayansu sai wata mata mai suna Hakama, da 'ya'ya uku, wadda dangin mijinta suka fitar bayan mutuwarsa. Sai wasu da wuta ta cinye garinsu. Sai wani da bai taɓa faɗin abin da ya koro shi ba. Tambayar ɗaya ce ga kowa, kuma ba don komai yake yin ta ba sai don ya san ɗakin da zai ishe su. In mutanen birni suka ga baƙo yana yawo da kaya a ka, sai su ce masa, "Je ka wajen Ku-nawa." Da haka wurin ya sami suna.

Shekaru suka wuce, bukkoki suka zama soraye. Hakama ce take kai wa Tunau tuwo kullum. Yakan ci ko da gishiri ko babu, bai taɓa cewa komai ba. Wata rana, furfura ta riga ta cika masa kai, yana kan jinkar wani sabon zuwa yana ɗauri, Hakama ta ajiye akushi a ƙasa ta ɗaga kai.

"Baba maharbi, kowa ka tambaye shi. Kai fa, ku nawa ne?"

Hannuwansa suka tsaya a kan igiyar.

"Mu bakwai," ya ce. Ya ci gaba da ɗauri.

Daga ranar Hakama ta riƙa sa malmala bakwai a akushinsa. Yakan ci ɗaya, ya tura sauran bakin zaure, duk wanda ya iso ranar da kaya a ka shi ke cinyewa. Haka aka yi har ranar da aka same shi zaune ya jingina da bango, da igiya a cinya, rai ya yi halinsa. Ba a sami wanda ya ce ya taɓa ganin dariyarsa ko hawayensa ba.

Yau ganuwar ta zube, birni ya haɗiye kurmin. Kunawa tana tsakiyar gari, tsakanin gadar sama da kasuwar wayoyi, ga benaye, ga kwalta. Rijiyar Ɓauna, ruwan nan da ya ɓuɓɓugo inda ya gurfana, tana nan gefen masallaci, an ɗaure bakinta da siminti, ba ta taɓa ƙafewa ba. Mai neman gidan haya a Kwarau ya san wahalar da ke jiransa: dillali zai zaga da shi unguwa-unguwa, masu gida suna tambayar asalinsa, da sana'arsa, da ko yana da aure, da wanda zai tsaya masa. Amma da zarar sun tsallaka kwalbatin Kunawa, tambaya ɗaya ce. Sababbin masu gidaje sukan yi gunaguni, dattawan unguwa kuwa ba su sassauta ba.

Ranar tarewa, tun kafin a gama sauke kaya daga mota, wata tsohuwa takan yi sallama da faranti a rufe. Baƙo yakan buɗe ya ƙirga malmalar tuwo bakwai, ya ce, "Mama, ai ni kaɗai ne."

Sai ta ce, "Mun sani. Ci naka, ka bar sauran a zaure. Akwai masu zuwa."