Ƙafar Yaya da Man Ɗoɗɗoya

Malaminmu, Allah Ya haskaka makwancinsa, masani ne mai tsantseni, mai yawan ibada da ƙarancin magana, wanda Ubangiji Ya haɗa masa ilimin littafi da sanin tsirrai. A bayan ɗakin karatunsa akwai 'yar rumfa da tukunya mai murfi, wadda bututun tagulla ya fito daga kanta ya ratsa bokitin ruwan sanyi. Yakan dafa ganye, tururi ya bi bututun ya koma ɗigo, mai ya taso a saman ruwa, sai ya kwashe shi a baƙar kwalba. Karamar da zan faɗa da idona na gan ta, domin a kan yayana ta faru, Allah Ya jiƙansa.

Yaya kafinta ne, kuma yana fama da ciwon suga. Ƙusa mai tsatsa ta soke shi a tafin ƙafa cikin shago, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, har wurin ya kumbura ya fara wari. Likita ya wanke, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce idan ruɓar ta haura idon sawu sai an yanke ƙafar.

"Su yanke mana," in ji Yaya da muka dawo gida. "Wa ya fi ni iya sassaƙa wata?"

Matarsa ta ce, "Kai ɗin? Kujerar da ka yi mini har yau ɗingishi take yi."

Ya yi dariya, amma da ta fita sai ya kama hannuna ya ce, "Auta, kai ni wurin Malam. Kafinta ba ya aiki a kwance."

Da muka isa, tun kafin mu buɗe baki Malam, Allah Ya ƙara masa yarda, ya dubi ƙafar ya ce, "Man ɗoɗɗoya da kanumfari take so, ga shi ya ƙare." Muka leƙa bayan rumfa, muka tarar rani ya ƙone ɗoɗɗoyar da ya shuka ƙurmus, sai busassun itatuwa tsaye. Malam ya ɗauki butarsa ya yi alwala a kan itatuwan, ya ɗaga hannu ya yi addu'ar da ba mu ji ba, sannan ya ce, "Ku dawo gobe. Mai rayarwa Yana nan."

Washegari tun daga bakin ƙofa ƙamshi ya tare mu. Itatuwan nan sun cika da ɗanyen ganye kore shar, kamar an yi musu damina su kaɗai. Yaya ya zauna a ƙasa yana kuka. Malam ya tsinka, ya haɗa da kanumfari ya dafa, ya tace, ya miƙa masa kwalbar ya ce, "Kada ka bar maganin likita. Wannan kuma ɗigo kaɗan a cikin man zaitun, safe da yamma, har ya ƙare. Ka riƙa rufewa, iska tana sace ƙarfinsa."

Ba a daɗe ba warin ya ɗauke, kumburi ya saɓe, sabon nama ya fara tasowa. Likita ya yi murna, ya ce a ci gaba da kula da wurin. Yaya har ya koma shago yana dogara sanda.

Ana cikin haka Allah Ya karɓi ran Malam, saura rabin kwalba.

Yaya ya daina shafawa, bai gaya wa kowa ba. Matarsa ce ta ga tsumman ɗaurin ya sake jiƙewa, ta bincika, ta iske kwalbar naɗe da farin ƙyalle a cikin akwatin kayan aikinsa.

Ta ce, "Baban yara, mene ne wannan? Magani aka ba ka ko ajiya?"

Ya ce, "Shi ne na ƙarshe da hannunsa ya taɓa. In ƙarar da shi a kan wannan ƙazamar ƙafar? In ya ƙare, me ya rage mini na Malam?"

Ashe kullum yakan buɗe ta ya daɗe yana shaƙa, don neman albarka, abokan karatu ma in sun zo gaisuwa ya buɗe musu. Lokacin da muka matsa masa ya koma shafawa, man ya yi kauri, ƙamshinsa ya gudu, ciwon kuma ya riga ya haura idon sawu. Aka yanke ƙafar, jikinsa bai ɗauka ba.

A gadon asibiti ya ce mini, "Auta, kada wani ya ce maganin Malam bai ci ba. Ya ci. Ni ne na so shi ta hanyar da bai ce ba." Bayan wannan bai daɗe ba Allah Ya karɓi ransa.

Tsarki ya tabbata ga Allah, Mai girmama bayinsa salihai da abin da Ya so. Ya Ubangiji, Ka ɗaukaka darajar Malaminmu, Ka gafarta wa Yaya, Ka raya 'ya'yan da ya bari, Ka sa mana albarkar bayinKa na gari, Ka kuma ba mu ikon jin maganarsu. Amin.